Baccin da ba a gayyata ba: abin da nakolefsi da 'yan uwanta ke cinyewa a rayuwar mutum

Ka ɗauka an hana ka bacci kwana biyu cur, ko uku, sannan gari ya waye aka ce tashi ka tafi aiki, ka zauna a mitin, ka tuƙa mota, ka saurari mai magana har ka ba shi amsa mai ma'ana, kuma kar ka kuskura ka yi hamma a gaban mutane. To da irin wannan ake yawan kwatanta halin da mai ciwon nakolefsi yake wuni a ciki, bambancin kawai shine kai in ka samu ka kwanta ka rama baccinka shikenan ka warware, shi kuwa ko awa goma ya yi a kan gado gobe ma haka zai tashi, jibi ma haka, har iya rayuwa.

Kar a haɗa shi da ciwon baccin nan da ƙudan tsando ke sawa, wancan ƙwayar cuta ce ke shiga jini kuma ana maganinta ta mutu. Nakolefsi a ƙwaƙwalwa matsalar take, kuma zuwa yanzu ba a da maganin da ke raba mutum da ita gaba ɗaya, sai dai a lallaɓa ta. Kiyasin da aka fi ambata shine mutum ɗaya cikin 2,000, maza da mata duka, kuma ta fi fara bayyana tsakanin shekara 10 zuwa 30, musamman wajen shekara 15, wato daidai lokacin da yaro yake makarantar sakandare ana auna shi ana yanke hukunci a kan wane irin mutum zai zama.

An daɗe da sanin ciwon. Wani likita a Faransa, Jean-Baptiste Gélineau, shi ya raɗa masa suna a 1880 bayan ya duba wani mutum ɗan shekara 38 da bacci ke sacewa sau da yawa a wuni, wanda har a gidan zoo ya taɓa zubewa ƙasa yana kallon birai. Amma dalilin ciwon sai da aka shafe sama da shekara ɗari kafin a gano shi. A 1998 ne wasu gungun masana biyu a Amurka, kowa da aikinsa daban, suka gano wani sinadari a ƙwaƙwalwa, ɗaya ya kira shi oreksin ɗaya ya kira shi haifokretin. A 1999 Emmanuel Mignot na jami'ar Stanford ya gano cewa karnukan da yake nazari a kansu, waɗanda in sun ga abinci murna ta kama su sai su zube, matsalarsu tana wajen karɓar saƙon wannan sinadarin ne, Masashi Yanagisawa kuma ya ga irin haka a ɓerayen da aka cire musu shi. Zuwa 2000 aka tabbatar a jikin mutane: ƙwayoyin da ke samar da oreksin, waɗanda duka duka ba su wuce kamar 70,000 ba a cikin biliyoyin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, kusan kashi 90 cikin 100 nasu sun mutu a masu nau'in farko na ciwon, wato nau'in da yawanci ke zuwa da sakin jiki lokacin dariya ko murna. Abin da masana suka fi karkata a kai shine garkuwar jikin mutum ce da kanta take kuskure ta afka musu, ga wanda yake da wani gado a jininsa, wataƙila bayan wata mura ko ciwon maƙogwaro ta tunzura ta. A Beijin ma an lura sabbin masu ciwon sun ƙaru bayan murar H1N1 ta 2009.

Me oreksin yake yi? Tsakanin bacci da farke akwai ƙofa, shi kuma oreksin shine sakatar. In sakata na nan, da rana ƙofa a rufe take gam bacci ba ya shigowa, da dare kuma farkawa ba ta kutsowa. In babu sakata sai ƙofar ta dinga kaɗawa, kayan bacci su faɗo cikin rana, farkawa ta faɗo cikin dare. Shi yasa abin da mutane da yawa ba su sani ba, mai nakolefsi in aka haɗa awoyin baccinsa na awa 24 sau da yawa bai fi na kowa ba, kawai a warwatse yake, da dare yana farkawa yana komawa ba adadi, da rana kuma yana kokawa da ido.

Sai abin da ake kira katafleksi, kuma a nan nake so a tsaya sosai domin a ganina nan ne ciwon yake taɓa mutum a inda ya fi zafi. Kowannenmu in yana cikin baccin mafarki, wanda likitoci ke kira REM, ƙwaƙwalwa tana sakar masa kusan duk tsokokin jiki don kar ya tashi ya aikata abin da yake gani. Ga mai katafleksi wannan sakin jikin yana zuwa ne ido biyu, kuma abin da ke kunna shi motsin zuciya ne, musamman dariya, ko mamaki, ko murnar ganin wanda aka daɗe ba a gani ba, wani lokaci fushi. Wani haɓarsa ce kawai za ta saki magana ta dinga lauyewa, wani wuyansa zai langaɓe, wani gwiwa ta sage, wani kuma ya zube gaba ɗaya, na 'yan sakanni ko minti ɗaya zuwa biyu, kuma duk yana jin abin da ake faɗa a kansa, hankalinsa bai gushe ba, motsi ne kawai ya gagara. To yanzu ka tambayi kanka, mutumin da dariya ke kayar da shi me zai koya? Zai koyi danne dariya. Ana hira an zo wajen da kowa zai fashe sai ka ga ya ɗauke kai ya ƙura wa bango ido yana tunanin wani abu daban da gangan, ana ganin kamar miskilanci ne ko girman kai alhali gwiwarsa yake karewa. Uwa mai wannan ciwon kafin ta yi wa jaririnta wasa sai ta zauna a ƙasa tukuna, ta jingina da bango, ta ɗora shi a cinya, domin ta san in ya ɓangale baki ya yi mata dariyar nan ta jarirai hannunta na iya saki. Ba ta yi masa wanka sai da wani a kusa. Wallahi duk wani fom na asibiti da ke tambayar sau nawa ka faɗi a wata ba zai iya auna wannan ba, domin mai yiwuwa amsar ta zama sifili, amma sifilin da aka saya da daina murna.

Akwai kuma dannau, wanda mutane da yawa masu lafiya ma sun taɓa fuskanta sau ɗaya ko biyu, ka farka ka kasa motsi ka ji kamar an danne maka ƙirji, to mai nakolefsi shi abin yakan zame masa na yau da gobe, kuma sau da yawa haɗe da gane-gane, ya ga kamar mutum a tsaye a bakin gado ko ya ji ana kiran sunansa, domin mafarki ne ya riga bacci isowa. Mai lafiya sai ya yi kamar minti 90 da kwanciya kafin ya shiga baccin mafarki, shi kuwa cikin minti 15 ya shiga. Da yawa ba sa faɗa wa kowa wannan ɓangaren saboda tsoron kar a ce sun taɓu, kuma tsoron nasu yana da tushe domin an sha ba irinsu maganin taɓin hankali bisa kuskure.

Wannan ya kawo mu ga shekarun da ake ɓatawa. Bincike daban daban sun nuna daga fara ciwon zuwa gano sunansa akan ɗauki shekara 8 zuwa 15, har a ƙasashen da suke da asibitocin bacci. A wannan tsakanin fa rayuwa ba ta tsaya jira ba. Yarinya tana aji tana rubutu bacci ya ɗan sace ta amma hannu bai tsaya ba, in ka duba littafin za ka ga layi ya fara da kyau, sai haruffa su fara kwanciya, sai su koma zane-zane su gangara ƙasan shafi, ita kuma ba ta ma san an yi ba sai ta zo karatun jarrabawa ta ga ba abin karantawa. Malami ya ce ba ta da himma, a gida a ce waya take dannawa da dare, wani ya ce ko ƙwaya take sha, in ta zube a ce farfaɗiya ce ko iya shege. Ga ƙiba da kan zo farat ɗaya a farkon ciwon musamman ga yara, ita ma a ɗora a kan ragwanci. Shekara goma ana faɗa maka kai rago ne, ƙarshe kai ma sai ka yarda, kuma ko ranar da likita ya nuna maka takarda ya ce ga sunan ciwonka, wannan muryar ba ta fita daga kai da wuri. Ciwon damuwa da fargaba suna da yawa sosai a cikinsu, kuma ni ban ga abin mamaki a ciki ba. Tun 1984 wani bincike a Kanada ƙarƙashin Roger Broughton ya kwatanta masu nakolefsi da masu farfaɗiya, ya samu cewa a wajen aiki da tuƙi da haɗurra masu nakolefsi sun fi jin jiki, a Denmak kuma inda ake da rajistar lafiyar kowa, an ga rashin aikin yi ya fi yawa a cikinsu kuma masu aikin ma samunsu bai kai na sauran mutane ba.

Gwajin kansa ba wani sihiri ba ne. Mutum zai kwana a asibiti an manna masa wayoyi a kai da fuska da ƙirji, washegari a ba shi damar kwanciya sau biyar, duk bayan awa biyu, a ga cikin minti nawa bacci ke ɗaukarsa. In matsakaicin bai wuce minti 8 ba kuma aƙalla sau biyu ya faɗa baccin mafarki kai tsaye, to alama ta fito. Wani lokaci a ɗebi ruwan ƙashin baya a auna oreksin ɗin. Matsalar dai sai an fara zargin ciwon kafin a tura mutum gwajin, kuma wuraren gwajin ba su da yawa a mafi yawan duniya.

Nakolefsi ita ce ta fi ban mamaki amma ba ita ta fi yawa ba, ko kusa. Wani nazari da aka buga a 2019 ya kiyasta mutum miliyan 936 'yan shekara 30 zuwa 69 a duniya suna da ɗaukewar numfashi a cikin bacci, inda maƙogwaro ke rufewa mutum ya daina numfashi na sakan 10 ko fiye, ƙwaƙwalwa ta firgita ta tashe shi ya ja iska da ƙarfi ya koma, a masu tsanani sau 30 ko fiye a kowace awa, kuma shi bai san ana yi ba. Abin da ya sani kawai shine yana tashi da ciwon kai da bushewar baki, yana yawan fitsarin dare, yana gyangyaɗi a ofis, yana saurin fushi. Wadda ta sani ita ce matarsa, da take kwance tana jin minshari ya tsaya cak tana ƙirga sakanni tana jiran ya dawo, ita ma kenan ba ta yi bacci ba, ciwon mutum ɗaya ya zama na mutum biyu. Kuma ana mayar da minshari abin tsokana alhali wannan ciwon yana da alaƙa mai ƙarfi da hawan jinin da ba ya jin magani, da bugun zuciya mara tsari, da shanyewar ɓarin jiki, da haɗarin mota. Maganinsa sananne ne tun 1981 da Colin Sullivan a Sidni ta Ostireliya ya fito da na'urar CPAP mai hura iska ta hanci don maƙogwaro ya zauna a buɗe, tana aiki sosai, wasu daren farko suke jin bambanci, amma da yawa suna ajiye ta bayan 'yan makonni saboda takunkumin ya matse su ko iska na zuba ko kunyar kwana da abu a fuska a gaban iyali, abubuwan da yawanci canza girman takunkumi da ɗan bibiya daga asibiti ke gyarawa.

Rashin bacci mai naci kuwa, wato dare uku ko fiye a mako har tsawon wata uku, yana damun kusan mutum ɗaya cikin goma na manya, kuma tun 2016 wata babbar ƙungiyar likitoci a Amurka ta ce abin da za a fara da shi horon gyara tunani da ɗabi'un bacci ne kafin a kai ga ƙwaya. Sai ciwon ƙafafu marasa natsuwa, da yamma ko da dare mutum ya ji kamar wani abu na yawo a cikin ƙafarsa sai ya motsa ta ko ya tashi ya taka, yakan zo da ƙarancin sinadarin ayon a jiki da kuma ƙarshen goyon ciki, gwajin jini ɗaya na iya nuna hanya.

Mu koma kan magani a nakolefsi, domin a nan ake yawan yin kuskuren lissafi. Akwai masu sa ido ya buɗe irin su modafinil da methylphenidate da solriamfetol da pitolisant, akwai wasu magungunan damuwa irin su venlafaxine da ke rage katafleksi, akwai sodium oxybate da Amurka ta amince da shi a 2002, wanda ake sha a bakin gado sannan a saita agogo a tashi bayan awa biyu da rabi zuwa huɗu a sha kashi na biyu, yana gyara baccin dare da katafleksi sosai amma yana da tsada, ba a samunsa a ƙasashe da yawa, kuma haɗa shi da giya ko maganin bacci haɗari ne ga numfashi. Duk suna taimakawa, wasu ma suna juya rayuwar mutum gaba ɗaya, amma kaɗan ne ke komawa daidai da mai lafiya, kuma kowanne da kuɗin da yake karɓa a jiki, ciwon kai, bugun zuciya, rashin cin abinci, tashin hankali. Mata kuma suna da ƙarin lissafi, modafinil yana rage ƙarfin ƙwayoyin tsarin iyali kuma ba a so a sha shi da ciki, wato mace mai son haihuwa sai ta zauna da likita ta tsara watannin da za ta yi da ƙaramin magani ko babu, sannan ga jariri mai tashin dare. Abin da ke faruwa kuma shine da zarar an ji mutum ya fara shan magani sai kowa ya ɗauka an gama, oga ya ce ai yanzu ba ka da uzuri, alhali ya tashi ne daga kashi talatin zuwa sittin ko saba'in na ƙarfinsa, in ana iya auna abin haka.

Likitoci suna da ma'auni da Murray Johns ya fito da shi a 1991 a Melbon, tambayoyi takwas kan yiwuwar ka yi gyangyaɗi kana karatu ko kana kallon talabijin ko kana zaune a mota, jimillar maki 24, in ka haura 10 akwai magana. Yana da amfani, ban raina shi ba. Amma ni da za a tambaye ni, tambayoyin da suka fi nuna ko magani na aiki sune irin: ka koma makarantar da ka bari? kina iya zama a taron 'yan uwa ki yi dariya ba ki nemi kujera ba? kana iya kai ƙarshen wuni da sauran ƙarfin yin hira da iyalinka, ko duk ka ƙarar a wajen aiki ka dawo gida ka zube? Domin da yawansu haka suke rayuwa, suna riƙe aikin amma sun sallama komai da ke bayansa, ziyara, abokai, motsa jiki, har kusantar aure, wanda shi ma ga wasu yana tayar da katafleksi kuma ba mai iya faɗa.

Abin da ya fi ba ni takaici shine abubuwan da ke kawo sauƙi mafi yawansu ba sa cin komai. Baccin minti 15 zuwa 20 da aka tsara, sau ɗaya ko biyu a wuni, yakan ba mai nakolefsi awa ɗaya zuwa uku na kai a sake, abin da yake buƙata kawai ɗaki mai ƙofa da shugaban da ba zai kira wannan lalaci ba. Ɗalibi a ƙara masa lokaci a jarrabawa, a bar shi ya miƙe tsaye a bayan aji in ido ya fara nauyi, a ba shi damar naɗar darasi. Ma'aikaci a cire shi daga aikin dare da canjin shifta, a sa aiki mai buƙatar natsuwa a awoyin da ya fi wartsakewa. A Amurka dokar masu buƙata ta musamman ta 1990 ta wajabta wa ma'aikatu irin wannan sassauci gwargwadon hali, amma ko inda doka take sai mutum ya fara bayyana ciwonsa, kuma da yawa suna ɓoyewa don tsoron kar a ƙi ɗaukarsu.

Tuƙi kuwa ba wajen lallashi ba ne, kuma wannan ya shafi kowa har masu lafiya, domin an auna an ga wanda ya yi awa 17 bai rintsa ba hankalinsa a kan sitiyari ya yi daidai da na wanda giya ta fara taɓawa. A Birtaniya dole mai nakolefsi ya sanar da hukumar lasisi ya dakata har sai likita ya tabbatar an shawo kan ciwon. Da yawa suna komawa tuƙi lafiya, gajeren zango, bayan sun sha magani sun ɗan rintsa, amma wanda ba a gano ciwonsa ba shi ne abin tsoro, yana ta sauke gilas yana ƙara sautin rediyo yana marin fuskarsa.

Akwai labari mai daɗi a gaba. Tunda an san abin da ya ɓace, kamfanoni suna ƙera maganin da zai yi aikin oreksin ɗin kansa, wani na farko na kamfanin Takeda an dakatar da gwajinsa a 2021 saboda ya taɓa hanta, amma wanda ya biyo baya mai suna oveporexton ya ba da sakamako mai kyau a manyan gwaje-gwaje a 2025, a yawan bacci da katafleksi duka. Sai dai zai fi amfanar masu nau'in farko ne, kuma sai wanda aka riga aka gano ciwonsa zai kai gare shi. Don haka duk wanda ya shafe wata uku bacci na rinjayarsa da rana alhali yana samun isasshen lokacin kwanciya, ya rubuta lokutan baccinsa na mako biyu, ya tafi da wanda ke kwana kusa da shi domin shi ya san minshari da tsayawar numfashi, kuma in gwiwa ko fuska na saki lokacin dariya ya faɗa wa likita wannan da bakinsa ko ba a tambaye shi ba, domin kusan babu wani ciwo da ke yin haka in ba nakolefsi ba.